Kama Da Wane Ba Ta Wane: Cutar Kushin Da Tsofaffin Karnukan Tsere A Birtaniya

Akasari labarin yakan fara ne daga kwanon ruwa. Mai kare zai cika shi da safe, kafin azahar ya tarar an shanye, ya sake cikawa, da la'asar ya tarar babu ko ɗigo. Bayan 'yan makonni kuma, karen da ya shekara da shekaru bai taɓa ɓata ɗaki ba sai ya shiga tashin mai gida sau biyu ko uku cikin dare domin a buɗe masa ƙofa ya fita fitsari. Da yawa daga cikin masu karnuka a Birtaniya sukan ɗauka tsufa ne ya zo. Sai dai kuma likitocin dabbobi na cewa a wasu lokutan wannan ita ce sallamar farko ta cutar nan da ake kira Kushin. Idan kuwa karen irin na tsere ne, wato girehawun, to gano cutar sai an yi da gaske.

Shi dai girehawun dogon kare ne siriri, mai zurfin ƙirji da shafaffen ciki, wanda gudunsa kan kai kusan kilomita 70 a cikin sa'a guda. Duk wanda ya san karen farautar nan na Abzinawa da ake kira Azawak, a yankin kan iyakar Nijar da Mali, to ya ga kamanninsa. A shekarar 1926 ne aka fara tseren waɗannan karnuka a zagayayyen fili a Birtaniya, suna bin zomon da na'ura ke ja, a filin Belle Vue da ke birnin Manchesta, wanda aka rufe a shekarar 2020. Yawancinsu sukan bar fagen tsere suna da shekara biyar ko ƙasa da haka, alhali kuwa sukan rayu shekara 10 zuwa 14. Wannan ne ya sa ƙungiyoyi irin su Greyhound Trust, wadda aka kafa a shekarar 1975, suke nema musu gidajen da za su ƙarasa rayuwarsu. To a waɗannan gidaje ne girma ke cim musu, kuma ita cutar Kushin ta fi kama kare ne daga tsakiyar rayuwarsa zuwa tsufa.

Cutar ta samo sunanta ne daga Harvey Cushing, wani likitan fiɗar ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Amurka, wanda ya bayyana alamominta a jikin wata matashiya a shekarar 1912, daga bisani kuma a shekarar 1932 ya danganta ta da wani ƙari da ke tsirowa a ƙasan ƙwaƙwalwa. A jikin mutum da na kare duka, akwai wasu 'yan ƙwayoyi biyu da ake kira adirenal, ɗaya kusa da kowace ƙoda, waɗanda ke samar da sinadarin kotisol. Wannan sinadari shi ke taimaka wa jiki ya jure wahala da tsoro da yunwa. Mai ba su umarni kuwa ita ce wata 'yar ƙwaya mai suna fituwitari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa. Idan kotisol ya yi yawa a cikin jini wata da watanni, sai ya koma yana cinye tsoka, yana sirantar da fata, yana kuma raunana garkuwar jiki.

A cikin karnukan da cutar ke kamawa haka kawai, kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari ƙari ne ke tsiro musu a fituwitari, galibi ɗan ƙarami wanda ba na daji ba, sai dai yana sa ta ba da umarni babu ƙaƙƙautawa. Sauran kuwa a jikin adirenal ɗin ne ƙarin yake. Akwai kuma nau'i na uku wanda magani ke haddasawa, wato idan aka daɗe ana bai wa kare magunguna irin su firednisolon ko deksametason saboda ƙaiƙayi ko kumburi. Haka yake faruwa ga mutanen da ke shan waɗannan ƙwayoyi barkatai domin neman ƙiba.

Wani bincike da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan ta wallafa a shekarar 2016, a kan karnuka fiye da dubu 210, ya nuna cewa kusan uku cikin kowane dubu ne ke da cutar, kuma ta fi yawa a cikin wasu jinsunan ƙananan karnuka. A jikin irin waɗannan, alamomin a bayyane suke: yawan shan ruwa da fitsari, ci babu ƙoshi, tumbi, haki, zubewar gashi da sirancewar fata.

Matsalar girehawun ita ce, tun yana lafiya lau yana ɗauke da wasu daga cikin waɗannan kamannu. Fatarsa siririya ce tun asali, babu kitsen kirki a ƙarƙashinta. Da yawa daga cikinsu kuma gashin bayan cinyoyinsu kan zube ba tare da wani ciwo ba, abin da masana suka daɗe da sani a wannan jinsi. Bugu da ƙari jininsa ya sha bamban da na sauran karnuka: jajayen ƙwayoyin jininsa sun fi yawa, sinadarin tayroid nasa ya fi ƙaranci, ma'aunin bugun jininsa kuma ya ɗara nasu. Saboda haka kuskure na iya zuwa ta fuska biyu. Mai gida na iya ganin alamar ciwo ya ce ai haka jinsin yake, har cutar ta yi nisa. Likitan da bai saba da girehawun ba kuma yana iya ganin sanƙon cinya da takardar gwajin jini, ya ɗora lafiyayyen kare a kan maganin da ba ya bukata. Masu iya magana dai sun ce kama da wane ba ta wane.

Wannan ne ya sa likitoci kan fara da abu mafi sauƙi, wato a auna ruwan da karen ke sha na 'yan kwanaki a jere. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, idan ya wuce mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa a wuni guda, to akwai abin dubawa. Alal misali girehawun mai nauyin kilo 30 da ke shanye fiye da lita uku. Har ila yau ana duba ko shafaffen cikin nan nasa ya soma saukowa, ko tsokar cinyarsa ta soma zaizayewa har hawa matakala na ba shi wuya.

Daga nan sai gwajin fitsari da na jini. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, ana yi wa karen allurar deksametason kaɗan, a ɗebi jininsa kafin allurar, da bayan sa'a huɗu, da kuma bayan sa'a takwas. A jikin lafiyayyen kare kotisol zai sauka ya zauna a ƙasa, a jikin mai cutar kuwa ko dai ya ƙi sauka ko ya sake tashi. A wani gwajin kuma ana yi masa allurar sinadarin ACTH, a ga yadda adirenal za ta amsa. Hoton ciki na taimakawa wajen gane inda ƙarin yake. To amma babu gwajin da ba ya kuskure, domin wani ciwon daban, ko ma fargabar asibiti, na iya ɗaga kotisol. Shi ya sa masana ke gargaɗin kada a yi gwajin sai alamomin sun bayyana a zahiri.

Idan cutar ta tabbata, maganin da aka fi amfani da shi shi ne tirilostan, wanda ake sayarwa da sunan Vetoryl, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a shekarar 2008. Kafin zuwansa an fi dogara ne da maitotan, wani magani mai dangantaka da maganin ƙwarin nan DDT, wanda ke kashe wani sashe na adirenal. Shi tirilostan yana tare hanyar haɗa kotisol ne na wasu sa'o'i, saboda haka kullum sai an sha, tare da abinci, har ƙarshen rayuwa. Akan fara da kimanin miligiram biyu a kan kowane kilo ko ƙasa da haka, a sake gwada jini bayan kwana 10 zuwa 14, da bayan wata guda, da bayan wata uku, daga nan kuma duk bayan wata uku. Ba a fasa ƙwanson maganin, kuma ba a son mace mai ciki ta taɓa shi.

Dalilin wannan sa ido kuwa shi ne, lamarin gaba damisa ne baya siyaki. Idan maganin ya yi kaɗan, cutar za ta ci gaba da aikinta, ta buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon sukari da ciwon mafitsara da daskarewar jini a huhu, fatar girehawun da dama ba ta da kauri kuma ta riƙa yagewa da ɗan ƙarcewa. Idan ya yi yawa, kotisol zai faɗi ƙasa warwas, karen ya auka cikin kishiyar cutar, wadda ake kira Adison, da sunan likitan Landan Thomas Addison da ya bayyana ta a shekarar 1855. Amai, da zawo, da ƙin abinci, da kasala mai tsanani, duk alamu ne na a dakatar da maganin a garzaya asibiti, domin jinkiri na iya zama ajali.

Akwai kuma aikin fiɗa. Idan ƙarin na adirenal ne, cire ta kan iya kawo waraka. Likitocin Jami'ar Utrecht da ke ƙasar Holan sun yi fice tun shekarun 1990 wajen cire fituwitari ta cikin bakin kare, sai dai cibiyoyi ƙalilan ne ke wannan aiki, kuma bayansa karen zai dogara da wasu magungunan har abada.

A ƙarshe dai shawara tana komawa ga mai gida da aljihunsa. Kuɗin magani yana tafiya ne da nauyin kare, girehawun kuwa babba ne, kuma kamfanonin inshorar dabbobi a Birtaniya galibi ba sa biyan kuɗin ciwon da ya riga inshorar. Idan alamomin ba su tsananta ba, wasu likitocin kan ba da shawarar a jinkirta magani a ci gaba da lura. Waɗanda aka ɗora a kan magani kuwa, bincike ya nuna sukan ƙara kimanin shekara biyu a tsaka-tsaki, wasu fiye da haka, kuma da yawa tsufa ko wani ciwon ne ke ɗauke su. Ƙishirwa da fitsari kan ragu cikin 'yan makonni, gashi da tsoka kuwa sai an yi haƙurin watanni.

Abin da likitoci suka fi nanatawa shi ne kada a kuskura a rage wa karen ruwa don gudun fitsarin dare, domin jikinsa zubar da ruwan yake yi ko ya sha ko bai sha ba. A cika masa kwanon, a auna abin da ya sha, a rubuta a takarda. Ranar komawa asibiti, likita zai ɗora wannan takarda kusa da sakamakon jini, kafin ya yanke shawarar ƙara magani ko rage shi.