Gidan Haya da Haƙƙin da Ke Kansa

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a shekarar 1911, baƙi suka yi ta kwararowa saboda cinikin gyaɗa da fatu, aka yanka Sabon Gari, Fagge kuwa wadda tun asali masaukin ayari ce ta ƙara cika, sai al'adar saukar baƙo, wadda fatoma ke yi yana cin la'adar cinikin baƙonsa, ta soma juyewa ta zama haya, ɗaki da kuɗinsa, wata da ajalinsa. Yau kuwa duk wanda Allah ya buɗa wa, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, shawarar da aka fi ba shi ita ce ya gina gida ya zuba 'yan haya, wai ƙasa ba ta ruɓa. Gaskiya ne ƙasa ba ta ruɓa, amma ginin da ke bisanta yana ruɓa, kuma nan ne mafi yawan masu gidaje ke yin kuskuren lissafi.

Mu ƙaddara mutum ya kashe naira miliyan 30 kan gida, ya ba da shi haya miliyan 1 da rabi a shekara, watau kashi 5 cikin 100 na jarinsa. To, ko da ɗaki bai taɓa kwana babu kowa ba, ko da kwano bai taɓa yoyo ba, sai ya yi shekara 20 kafin ya mai da uwar kuɗinsa. Idan aka tuna cewa hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar 2024, za a gane cewa haƙiƙanin ribar gida tana cikin tashin darajar fili, haya kuwa abin riƙe ginin ne da ɗan cefane. Wanda ya karɓi kuɗin shekara a dunƙule ya aurar da 'ya da su, bai ware ko ushirinsu domin gyara ba, lalle uwar kuɗi yake ci, alhali yana zaton riba ce.

Kuma ɓarnar gini ba ta zuwa da shela. Indararo ne zai toshe da ledoji a farkon damina, ruwa ya kwanta a kan rufi, ya bi ta ramin ƙusa guda ya jiƙa katako, silin ya yi tabo kamar faɗin faifai. Ɗan haya ya kafa bokiti a tsakar ɗaki ya aika wa maigida, maigida ya ce a dakata sai an biya kuɗin baɗi. Kafin ruwan Agusta ya ɗauke, aikin da kafinta zai gama da hantsi ya zama na yaye rufi ɗungurungum. Ni a ganina babu asarar da ta kai wannan takaici, domin da idon mai ita take girma.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su bar babin haya ba, sun kira shi kira'i, suka sharɗanta a san ajali a san lada tun wajen ƙulla yarjejeniya, don kada jahilci ya shiga ya haifi husuma. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani an bayyana cewa mutuwar mazaunin gida ba ta warware haya, amma idan gidan ya rushe kafin cikar ajali, abin da ya saura na yarjejeniya ya faɗi. Wannan hukunci ya kamata magada su san shi, su da ke hanzarin korar bazawara da marayu tun ba a share makoki ba, ko da mamacin ya biya har ƙarshen shekara. Zakka kuma ba ta hawa kan ginin kansa, sai dai kan kuɗin haya idan ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo masa a hannu, a fitar da ɗaya bisa arba'in.

Ta fuskar hukuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayar da shi yana bukatar yardar gwamna. Saboda haka wanda ya sayi gida da takardar mai unguwa kaɗai, bai binciki ofishin filaye ba, ya ɗora jarinsa kan shubuha. Game da kuɗin haya kuwa, Jihar Legas ta yi doka a 2011 ta hana karɓar fiye da hayar shekara guda daga sabon ɗan haya, ko da yake yin doka dabam, binta dabam.

Batun tashin ɗan haya shi ne inda zuciya ke rinjayar hankali. Wanda ke biya shekara shekara, in babu wani sharaɗi a rubuce, ana ba shi sanarwar wata 6, mai biya wata wata a ba shi ta wata guda, bayan nan a ƙara ta kwana 7, sa'an nan alƙali ne zai ba da umarnin fita. Maigidan da ya yaye kwano, ko ya cire ƙyaure, ko ya turo zauna-gari-banza su watsar da kaya a titi, ya saɓa wa doka ko da yana bin bashin shekara biyu, har ma kotu tana iya ɗora masa diyya. Abin da ke rage irin wannan fitina shi ne a rubuta yarjejeniya gaban shaidu tun ranar miƙa mabuɗi, a ambaci wanda zai kwashe masai, da wanda zai biya kuɗin wuta da ruwa, da la'adar dillali, wadda a bisa al'ada kashi 10 ce cikin 100, sa'an nan duk sisin da aka karɓa a yanka masa rasit.