Ƙananan Jiragen Ƙasa a Fagen Yaƙi

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, sojoji sun haƙa ramuka a ƙasar Faransa, suka zauna ciki shekara da shekaru. Ruwan sama da bama-bamai suka mai da hanyoyi caɓi, dawaki da motoci suka riƙa kafewa. To, yaya za a kai wa soja abinci da harsashi?

Sai aka shimfiɗa siririn titin jirgi. Faɗinsa santimita 60 ne, wato kusan ƙafa biyu. Tsohon titinmu na Legas zuwa Kano ƙafa uku da rabi ne. Ana kawo titin a haɗe, gunduwa-gunduwa, mutane kaɗan su ɗauka su jera. In bam ya fasa wani wuri, nan da nan a canza shi.

Kan jirgin ƙarami ne. Ana hura wutar kwal, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafun. Kamfanin Baldwin na Amurka ya ƙera wa sojojin Ingila irin guda har 495. Jiragen su tafi da kaya, su dawo da masu rauni.

Amma akwai haɗari. Da rana abokan gaba na hango hayaƙi, da dare tartsatsin wuta, sai su auno da igwa. Saboda haka in an kusa bakin daga, injin fetur ke karɓar kayan.

Bayan yaƙi, manoman Ingila suka sayi irin wannan titi don kwasar dankalin Turawa daga gona. Ashe kayan yaƙi ma kan zama kayan noma.