Ranar Da Na Ɗura Wa Alƙalamina Tawadar Allo

Ranar da zan tafi makarantar kwana, Baba ya kira ni ɗakinsa ya miƙo mini wani alƙalami mai shan tawada, ƙirar Hero na ƙasar Sin, da kwalbar tawadar Quink shuɗiya. Ya ce, "Da shi nake son ki riƙa rubuto mini wasiƙa." Wallahi ranar ji na yi na zama babbar mace.

Ban yi sati uku ba na kusa kashe shi. Kwalbar ta kife a cikin akwatina, ta ɓata mini zane biyu, kuma ina jin kunyar in faɗa a gida. Da muka zo hutun rabin zango sai na ga tawadar allon ƙanena, na ce ai tawada tawada ce, na ɗura masa. Washegari ko ɗigo ya ƙi yi. Na girgiza, na danna, na yi kuka har na gaji.

Yayata ce ta cece ni. Ta ce, "Ke dai ba ki da wayo. Tawadar allo akwai ƙaro a cikinta." Ashe a ƙarƙashin bakin alƙalamin akwai 'yan hanyoyi sirara kamar gashi, ta nan tawada ke gangarowa, iska kuma ta koma ciki. Ƙaro da garin gawayi in sun bushe a wurin, sun toshe hanya ke nan. Ta jiƙa bakin a kofin ruwa ya kwana, da safe ta yi ta matsa 'yar robar ciki, yana zuƙar ruwa yana fesarwa, har ruwan ya fito fari tas. Ta gargaɗe ni kada in taɓa sa masa ruwan zafi, yana lalata robar.

Kin ga, 'yar uwa, duk wadda ta saba da biro sai ta danna. Shi wannan ba ya son ƙarfi ko kaɗan. Ki kwantar da shi kaɗan, ki bar bakin ya taɓa takarda kawai, zai tafi da kansa. In kin danna, bakin da yake a tsage biyu zai buɗe, ya koma karce takarda. Shi ya sa ni ba na ba da aronsa, ko da ƙawa za ta yi fushi. Ta yi ta yi, ga biro nan.

Da kin ɗaga hannu ki mayar da murfi, musamman da hunturu, don nan da nan yake bushewa. In za ki sa a jaka, baki ya kalli sama. Kada ki bar shi a rana, iskar ciki za ta kumbura ta turo tawada waje, farin hijabinki ya sha. Duk wata ki wanke shi, haka ma in za ki sauya launi.

Wasiƙar farko da na rubuta bayan ya warke, na yi saurin ninkewa kafin ta bushe, gaisuwar duk ta dame. Baba bai ce komai ba, sai dai ranar ziyara ya zo mini da sabuwar kwalba, an naɗe ta a leda har biyu.