Sarauta da damina: daga Katsinar Maraɗi zuwa tsohuwar ƙasar Sin

Idan damina ta yi gardama a Cadawa, bayan gari ake fita roƙon ruwa, liman a gaba, jama'a a baya. Ba wanda zai ce laifin sarki ne. Duk da haka, in tsofaffi suna hirar sarakunan da, ba su cika farawa da yaƙe-yaƙensu ba. Sai ka ji an ce wane yana da goshi, a zamaninsa rumbu ya cika. Auna mai mulki da damina tsohon abu ne, kuma a kansa aka kafa tsarin sarautar wannan yanki.

Cadawa da Gazawa ƙasar Katsina ce tun kafin Turawa su shata iyaka. Wajen 1807 mayaƙan jihadi suka ci birnin Katsina, Sarki Magajin Halidu ya mutu a Ɗankama, magajinsa Ɗan Kasawa ya nemi mafaka a Damagaram. Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Manoman kwarin Maraɗi, yawancinsu Anna masu bin al'adar kakanni, suka yi tawaye, suka kashe Mani, wakilin da aka ɗora musu, sannan suka aika a kira Ɗan Kasawa wajen 1819. Wato talakawa ne suka nemo sarki. Gobirawa kuma, bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da kashin da suka sha a Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri, wadda yau take cikin yankin Gidan Rumji. A Janairun 1851 Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya yada zango a Gazawa, ya tarar da ita garin bakin daga mai shinge, sannan ya ratsa kufan Ɗankama a hanyarsa ta zuwa Katsina.

Sarkin da aka kira bai zo ya yi abin da ya ga dama ba. A Maraɗi akwai rukuni, manyan fada huɗu: Galadima, Ƙaura, Ƴandaka da Durɓi. Su ke zaɓen sarki, kuma suna iya sauke shi. Kujerar Durɓi ita ce ta fi ban sha'awa. Durɓawa su ne tsohon gidan mulkin Katsina, waɗanda labarin baka ya ce Korau ya karɓe wa sarauta da ya ka da Sanau a kokawa. Ba a kore su ba. An bar musu kujera cikin masu naɗa wanda ya gaje su, dabarar da siyasar yau ba ta cika iyawa ba. A Gobir majalisar ta mutum tara ce, Taran Gobir.

Sai mace. Iya a Maraɗi, Inna a Tsibiri, ƴar gidan sarauta ce, ba matar sarki ba. Ita ce uwar ƴan bori, tana da gidanta da fadawanta, kuma al'amuran mata da dama a hannunta suke.

Ƙasa kuwa, ta noma da ta farauta, Anna ke da sirrinta. Kowace zuriya da gadonta: wasu noma, wasu ƙira, wasu farauta, wasu su. Kowace shekara da rani akan yi buɗin daji, a fita a duba abin da shekara za ta zo da shi, kafin a buɗe wa mafarauta dawa. Manomin da ya tara dami dubu yakan yi bikin dubu, ya rabar da hatsi, a kira shi sarkin noma. Girmansa a abin da ya rabar yake. Sarki Musulmi ne, yana da liman da alƙali, amma ba ya sa hannu ya hana waɗannan. Irin wannan cuɗanya ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta suka, kuma yawancinta ta kau a yau. Wani Bafaranshe, Guy Nicolas, ya tarar da sauranta a kwarin Maraɗi a shekarun 1960, ya rubuta.

Wanda ya san wannan ba zai yi baƙunta a tsohuwar ƙasar Sin ba. Sarakunan daular Shang, fiye da shekara 3,000 da suka wuce, sukan gasa ƙashin sa ko ƙoƙon kunkuru, su karanta tsagar da wuta ta yi. An tono dubban irin waɗannan ƙasusuwa a Anyang, da tambayoyin a rubuce a jikinsu, kuma da yawa tambayoyin manomi ne: za a yi ruwa, gero zai yi kyau? Da gidan Zhou ya kifar da Shang wajen 1046 kafin haihuwar Annabi Isa, sai ya kafa hujja cewa mulki aro ne daga Sama, wanda ya yi zalunci a karɓe. Fari da ambaliya da yunwa suka zama shaidar an janye aron. Har ƙarshen zamanin sarakunansu, sarkin Sin yakan kama garma da kansa a farkon shekarar noma, ya ja ƴan kunyoyi.

Ba wata hanyar fatake da ta haɗa Anyang da Tsibiri, kuma kuskure ne a ce wani ya kwaikwayi wani. Mutanen da cikinsu ya dogara ga gero ne suka yi wa mai mulki tambaya iri ɗaya. Amsar ce ta bambanta. A Sin aka gina mulkin magatakarda da malaman Konfushiyas, amma ba majalisar da ke da hurumin tsige sarki, sai tawaye. A Maraɗi hurumin yana hannun mutum huɗu, kuma shi ma ya zo da tasa matsalar. A shekarun 1890 Ƙaura Hasau ya yi ƙarfi har ya riƙa naɗa sarakuna yana saukewa. Sarki Mijinyawa ya tattara ya koma Tasawa, sarautar Katsinawa ta rabu gida biyu, Cadawa tana kan hanyar da ta haɗa fadojin.