Wace Sana'a Ta Dace Da Kai?

Kai mai karatu, in ka ƙetare gadar kogin Kaduna ka nufi kudu, za ka tarad da tashar jirgin ƙasa, da Makera, da Kakuri. Wannan wuri yana da labarin da zai amfani duk mai shawarar kama sana'a.

A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri. Waɗansu masaƙu suka biyo bayanta, kamar su Arewa Textiles da United Nigerian Textiles. A 1975 kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a nan. Dubban mutane suka zo cin aiki. In wata ya mutu aka biya albashi, sai kasuwa ta buɗe. Mai tuwo, da tela, da mai gyaran keke, da mai gidan haya, kowa ya sami rabonsa.

Daga baya yadi mai araha ya yi ta shigowa daga ƙasashen waje, wutar lantarki kuwa ba ta isa. Masaƙu suka durƙushe. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsai da aiki a 2007. Ba ma'aikata kaɗai suka ji jiki ba, har da waɗanda ke cin abinci a ƙofar masaƙa, gama kuɗin masu sayen kayansu daga wuri ɗaya yake fitowa.

To, kafin ka zuba jarinka, sai ka yi wa kanka tambaya uku.

Ta fari: me hannunka ya iya? Wanda ya yi shekaru yana gyaran inji a ma'aikata, ya fi kusa da gyaran janareto ko injin niƙa bisa ga sayad da atamfa. Wanda ya tashi gidan noma ya san hatsi mai kyau tun daga ɗibarsa a hannu. In ba ka iya kome ba tukuna, ba abin kunya ba ne ka zauna gaban maigida ka koya. Kada ka kama sana'a don ka ga wane ya yi arziki da ita, domin ba ka ga shekarun da ya yi yana koyo ba.

Ta biyu: nawa ne jarinka? Daidai ruwa daidai tsaki. Tela yana bukatar keke, da shago, da haƙurin jiran sallah ko Kirsimeti. Mai shayi kuwa tebur da butoci sun ishe shi, cinikinsa kullum ne. Kada ka zuba dukan abin da ka mallaka ran farko. Raba shi uku: kashi ɗaya na kayan aiki, ɗaya na haja, ɗaya ka ajiye don ranar da kasuwa ta ƙi. In tilas ne ka ƙara jari, adashi ya fi bashi mai ruwa sauƙi, gama kayan aro ba ya rufe katara.

Ta uku: wa zai saya, kuma ina yake samun kuɗinsa? Zauna kwana bakwai a wurin da kake so ka kafa, ka ƙidaya masu wucewa, ka lura da abin da suke tafiya nesa su sayo. In duk masu sayenka ma'aikatan kamfani ɗaya ne, ka tuna da Kakuri. Ka lura da doka kuma. Da masaƙu suka rufe, mutane da yawa sun koma acaɓa, amma a 2014 gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin garin Kaduna.

In amsoshin nan uku sun haɗu a kan sana'a ɗaya, lalle ita ce taka. Fara da kaɗan. Sayi littafi da fensir, tun da yanzu ka iya rubutu, ka riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kowace rana. Bayan wata uku littafin nan zai gaya maka gaskiya, ko ka ci gaba, ko ka sake shawara tun jarinka bai ƙare ba.

Allah ya sa albarka a cikin nemanka, amin.