Albasar Aliero Da Kujerar Jakada

Tun ƙarni na 19 Jega ta kasance zangon fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Ayari ba ya tashi sai da madugu, wanda zai gaishe da sarakunan hanya, ya daidaita kuɗin fito, ya nemi izinin wucewa. A zamanin yau jakada ne yake yi wa ƙasa wannan aiki.

Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta bambanta matakan wakilci. Jakada yana miƙa takardar kama aikinsa ga shugaban ƙasar da aka tura shi. Muƙaddashi kuwa, wato jami'in da ke riƙon ofis idan babu jakada, iyakarsa ma'aikatar harkokin waje. Bambancin ba na ado ba ne, domin shi ke nuna ƙofar da za a buɗe wa mutum, da tsawon jiran da zai yi a zaure.

A watan Satumba 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kira jakadun Nijeriya gida, kuma ba a miƙa wa Majalisar Dattawa sunayen sababbi ba sai a ƙarshen Nuwamba 2025. Muƙaddasai sun yi fiye da shekara biyu suna riƙe da ofisoshin, ga faɗuwar darajar naira ta sa kuɗin haya da albashi sun yi wuyar biya.

Lokacin bai yi daɗi ba. Sojoji sun karɓi mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Manomin albasa a Aliero, da dillali a kasuwar Jega, da direban da ke bi ta Maiyama, duk sun san albasa ba ta jiran a gama taro; ruɓewa take yi a cikin buhu. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975. A Yuli 2025 kuma Amurka ta rage wa'adin yawancin bizar 'yan Nijeriya zuwa wata uku.

Ba rashin jakadu ne ya haddasa waɗannan al'amura ba. Sai dai waɗanda suka faru a 2025 sun tarar da Nijeriya, ƙasar da ta ja gaba wajen goyon bayan Angola a 1975, ba ta da cikakken jakada ko a Yamai ko a Washinton.