BAƘIN YASHIN ƘASAR BAUCI DA AIKIN HASKEN RANA

Masu wankin kuza a ƙasar Toro ta Jihar Bauci, har zuwa tsaunukan Jos, sun san wani baƙin yashi mai nauyi da kan fito tare da kuza. A cikinsa akwai ma'adinin ilmanait, wanda daga gare shi ake tace wata farar hoda mai suna titaniyam dayoksaid. Ita ce ke sa fenti ya yi fari fat.

Amma aikinta ya wuce fenti. A shekarar 1972 waɗansu masana biyu na ƙasar Japan, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka bayyana cewa idan haske ya bugi wannan sinadari yana iya raba ruwa gida biyu. Daga baya aka gano yana warware barasa ma. Barasa a wurin masana kimiyya dangi ne babba, har da sifirit ɗin da ake goge fata da shi kafin allura.

Hodar kamar dillali take, sai dai ba ta karɓar la'ada: tana haɗa ciniki, ita kuwa ba ta raguwa. Da haske ya buge ta sai wata ƙwayar lantarki ta yi tsalle ta bar gurbi. Iskar oksijin ta cafe ƙwayar, gurbin kuwa ya fizgo wata daga jikin barasa. Nan take sifirit ya juye zuwa aldihaid, daga nan ya koma ruwan tsami irin na binigar, ƙarshe sai ruwa da iskar da mutum ke fitarwa a numfashi. In an tsai da aikin a matakin farko, akan sami kayan haɗa turare da magunguna. In an bar shi ya kai ƙarshe, ana tsabtace gurɓataccen ruwa da shi, ba itace, ba kananzir.

Cikas ɗin shi ne, kimanin kashi 5 cikin 100 kaɗai na hasken rana hodar ke iya mora, shi ya sa masana ke ta gauraya ta da waɗansu sinadarai.

To, ga yashi ga rana a ƙasar Bauci, ga kuma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka kafa a 1980 don koyar da kimiyya da fasaha. Duk da haka, hodar da masana'antun fenti na Ikeja ke aiki da ita daga ƙasashen waje ake sayo ta. Magidancin da ke aika kuɗin makaranta gida daga Ikko ko Badun ya kamata ya san da wannan.